Neman Asali Daga Kyuba Zuwa Sifaniya: Masanin Nasaba Ko Maroƙi?

A cikin watan Oktoba na shekarar 2025 ne wa'adin wata doka ta ƙasar Sifaniya ya cika. An zartar da dokar a shekarar 2022, kuma ta ba 'ya'ya da jikokin Sifaniyawan da suka yi ƙaura damar neman zama 'yan ƙasa. Kafin ita an yi wata makamanciyarta a 2007, wadda aka karɓi takardun masu nema a ƙarƙashinta daga ƙarshen 2008 zuwa ƙarshen 2011. Jama'a sun laƙaba wa kowacce daga cikinsu sunan "dokar jikoki". A tsibirin Kyuba, inda matsin tattalin arziki ya sa mutane da yawa ke neman hanyar fita, dubun-dubatar jama'a sun yi ta tururuwa zuwa ofishin jakadancin Sifaniya da ke Habana, kowa rungume da takardun da yake fatan za su tabbatar da cewa a Sifaniya aka haifi kakansa. Wanda takardunsa suka cika ya sami fasfo da zai zauna da shi ya kuma yi aiki a ƙasashen Tarayyar Turai. Wanda aka rasa takarda guda a cikin nasa sai ya koma gida hannu rabbana.

Wannan hali ya haɓaka wata tsohuwar sana'a, wato sana'ar masu binciken nasaba da ake biya su tono wa mutum asalinsa. Akwai su a Habana da Madrid da kuma birnin Miyami na Amurka, inda 'yan Kyuba masu yawa suka zauna tun bayan juyin juya halin 1959. Daga cikinsu akwai masana na ƙwarai, akwai kuma 'yan cuwa-cuwa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, binciken nasaba aiki ne irin na kimiyya, don haka abin da ya kamata a biya masani dominsa shi ne hujja da hanyar da ya bi ya same ta. Wanda ke karɓar kuɗi don ya kawo wa mutum irin kakan da ransa ke so, aikin maroƙi yake yi, ko da kuwa ya rataya takardun shaida a bangon ofishinsa.

Dalilin Buƙatar Masani

Sifaniya ta mallaki Kyuba kusan shekara 400, har zuwa 1898. Ƙaurar Sifaniyawa zuwa tsibirin ba ta tsaya da ƙarewar mulkin ba; hasali ma ɗaruruwan dubbai sun shiga tsakanin shekarun 1880 da 1930, akasarinsu talakawan karkara daga yankunan Galisiya da Asturiyas da tsibiran Kanari. Yawan mutanen Galisiya ya kai ga 'yan Kyuba na kiran kowane Basifane da sunan "gallego". Mahaifin Fidel Castro ma daga ƙauyen Láncara na Galisiya ya fito.

A nan matsala ta farko take. Iyali kan riƙe cewa "kakanmu mutumin Galisiya ne", amma wannan bayani bai isa a nemo takarda ba. Babban taron Cocin Katolika da aka kammala a garin Trento a 1563 ya wajabta wa kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da ɗaurin auren da aka yi a hannunsa, kuma kowace coci da nata littafin. Galisiya kaɗai tana da irin waɗannan gundumomin coci sama da 3,000. Rajistar haihuwa ta hukuma ba ta kankama a Sifaniya ba sai 1871, a Kyuba kuwa sai 1885, ita ma gari-gari ake yin ta. Ke nan duk wanda bai san sunan ƙauye ba, tamkar mai neman allura ne a cikin rairayi.

Gwanintar masani tana bayyana ne wajen sanin inda sunan ƙauyen zai iya ɓuya. Takardar baftisma ta ƙarni na 19 a ƙasashen Sifaniyawa kan ambaci iyayen jariri da kakanninsa huɗu, sau da yawa har da garuruwansu, saboda haka takardar ɗan da aka haifa a Matanzas na iya tona ƙauyen da uban ya baro. Baƙon da ya so yin aure a Kyuba sai ya kawo wa coci shaidun cewa bai bar mata a gida ba, kuma irin waɗannan fayiloli na ɗauke da sunan mahaifa. Yarjejeniyar Paris ta 1898 ta ba Sifaniyawan da ke zaune a tsibirin shekara guda su je su rubuta sunansu in suna son riƙe ƙasarsu ta asali, sai wannan ya haifar da wata rajista mai amfani ƙwarai. Ƙungiyoyin taimakon juna irin su Centro Gallego, wadda aka kafa a Habana a 1879, da Centro Asturiano ta 1886, suna da littattafan mambobinsu. Wanda kuma kakansa na cikin sojoji kimanin 200,000 da Sifaniya ta tura yaƙin 1895 zuwa 1898, to ma'adanar takardun soja da ke Segovia da Guadalajara za a dosa. Haka nan dokar 1933 da ta tilasta wa kamfanoni su kasance rabin ma'aikatansu 'yan ƙasa ne ta sa baƙi da yawa neman zama 'yan Kyuba, kuma kowace irin wannan buƙata ta bar takarda a ofishin shige da fice.

Bugu da ƙari, akasarin littattafan cocin Kyuba ba a sa su a intanet ba. Dole wani ya taka da ƙafarsa ya roƙi mai kula da su. Rubutun hannu na da cike yake da gajerce-gajerce da sai wanda ya koya ke iya warwarewa. Wasu littattafan ma babu su: mutanen Bayamo sun ƙone garinsu da hannunsu a Janairun 1869 don kada ya faɗa hannun sojojin Sifaniya, yaƙin basasar Sifaniya na 1936 zuwa 1939 kuma ya cinye ma'adanan coci masu yawa. Babu shakka mutumin da ke zaune a Miyami ko Madrid yana da dalili mai ƙarfi na neman taimako.

Sai dai ga wani ma'auni mai sauƙi na gane wanda ya san aikinsa. Babu ma'adana da ta kai Archivo General de Indias suna, wadda aka kafa a 1785 a birnin Sebiya, wato Ishbiliya ta littattafan Larabci. A nan aka tara lasisin tafiya na waɗanda suka ƙetara teku a zamanin hukumar Casa de Contratación. To, an rushe hukumar nan a 1790. Duk mai binciken da ya nemi kuɗin tafiya Sebiya domin kakan da ya sauka Habana a 1910, ko dai bai san tarihi ba, ko kuwa ya raina wa mai biyansa hankali.

Lissafin Kakanni

Ɗalibin lissafi ya san cewa kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, a haka adadin ke ninkuwa a kowane hawa. A hawa na goma, wato kimanin shekara 300 baya, guraben sun kai 1,024. A hawa na talatin sun haura biliyan ɗaya, adadin da ya zarce yawan mutanen duniya na wancan zamani. Abin da ke warware wannan ɗaurin gwarmai shi ne auren zumunta: mutum ɗaya kan cike gurbi fiye da ɗaya. Gidan sarautar Sifaniya ya ba da misali mai ban tsoro, domin binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa Sarki Carlos na Biyu, wanda ya rasu a 1700 ba tare da magaji ba, kusancin jinin iyayensa ya kai na ɗan da wa da ƙanwa suka haifa.

Akwai wata dabara ta ba kakanni lamba wadda wani malamin coci Basifane, Jerónimo de Sosa, ya yi amfani da ita a 1676, har ake kiran ta da sunansa. Mai neman asali shi ne lamba 1. Uban kowane mutum ninkin lambarsa ne, uwarsa kuma ninki da ƙarin ɗaya. Alal misali, gwarzon 'yancin Kyuba José Martí Pérez, wanda aka haifa a Habana a 1853, shi ne 1. Mahaifinsa Mariano Martí ɗan Valencia shi ne 2. Mahaifiyarsa Leonor Pérez 'yar tsibirin Tenerife ita ce 3. (Abin lura ne cewa mutumin da ya ba da ransa wajen korar Sifaniya, da yana raye a 2022 da ya cika sharuɗɗan dokar jikoki ba tare da wata wahala ba.) Sunansa kuma ya nuna al'adar Sifaniyawa ta ɗaukar sunan gidan uba da na gidan uwa, al'adar da ke sauƙaƙa bincike tun da mace ba ta sauya suna in ta yi aure.

Amfanin wannan lamba shi ne tana tona asirin gurbin da aka bari fari. Sunan gidan uba yana bin layin 2, 4, 8, 16 ne kurum, wato mutum ɗaya a kowane hawa. A hawa na goma, mai wannan suna ɗaya ne daga cikin 1,024. Saboda haka 'yan kasuwar da ke sayar wa mutane tambarin gida mai zanen zaki da takobi bisa ga suna kaɗai, iska suke sayarwa. A al'adar Sifaniya ana ba da tambari ga wani mutum ne da zuriyarsa, kuma yawancin masu suna García ko Fernández ba su haɗa komai da gidan da aka ba tambarin ba.

A Kyuba kuwa suna ya fi haka yaudara. Bayin da aka 'yanta sukan ɗauki sunan ubangidansu, shi ya sa ake samun baƙaƙen fata da yawa masu suna Zulueta, sunan Julián de Zulueta, attajirin rake kuma dillalin bayi da ya fito daga yankin Basko. Jariran da aka tsinta aka kai gidan marayu na Habana kuwa, sunan Valdés ake raɗa musu, don tunawa da Bishop Gerónimo Valdés da ya kafa gidan a farkon ƙarni na 18. Mai binciken da ya ɗauki Valdés na Habana ya jona shi da wani gidan masu faɗa a ji na Asturiyas don sunan ya zo ɗaya, ya tafka kuskuren da ɗan koyo ma bai kamata ya yi ba. Irin wannan haɗe-haɗe kan samo tushe daga littafin Historia de familias cubanas na Francisco Xavier de Santa Cruz, mai juzu'i 9, wanda aka fara bugawa a 1940. Littafi ne mai daraja, amma manyan gidaje ya bi. Ɗan ƙauyen da ya zo yankan rake ba ya ciki.

Littattafai Biyu a Coci Ɗaya

A zamanin mulkin Sifaniya, cocin Kyuba kan ajiye littattafai iri biyu: ɗaya na farare, ɗaya na waɗanda ake kira "pardos y morenos", wato barbarar yanyawa da baƙaƙe. An sauke 'yan Afirka kusan 800,000 a tsibirin, mafi yawansu a ƙarni na 19, kuma ba a haramta bauta ba sai 1886. Tsakanin 1847 da 1874 an kuma shigo da 'yan ƙwadago Sinawa kimanin 125,000. Shiga littafin farare na buɗe ƙofar makaranta da muƙami da aure, don haka akwai iyalan da suka yi ta kai ƙara a ɗauke sunan ɗansu daga wannan littafi a mai da shi wancan. A 1795 ma fadar Sifaniya ta fitar da jadawalin kuɗin da mutum zai biya a yafe masa matsayin barbarar yanyawa. Ke nan kalmar "fari" a takarda hukunci ne na zamantakewa wanda kuɗi da alfarma ke iya juyawa.

Ilimin ƙwayoyin gado ya ba da shaida a kan wannan. A 2014 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Beatriz Marcheco-Teruel ta cibiyar nazarin gado ta Habana sun buga sakamakon gwajin mutum 1,019 daga dukkan lardunan ƙasar. A matsakaici, kashi 72 cikin ɗari na gadonsu daga Turai yake, kashi 20 daga Afirka, kashi 8 daga mutanen asali na nahiyar Amurka. Abin da ya fi jan hankali shi ne bambancin layin uba da na uwa. Kuromosom Y daga uba zuwa ɗa namiji kawai yake bi, DNA na mitokondiriya kuma daga uwa ake gadonsa. A layin uba, kimanin kashi 82 na Turai ne ko makwabtanta, kusan 18 na Afirka, na mutanen asali bai kai kashi 1 ba. A layin uwa kuwa, kimanin kashi 39 na Afirka ne, 35 na mutanen asali, 26 ne kacal na Turai. Ma'anar wannan a fili take: mazan Turai sun haifi 'ya'ya da matan Afirka da na ƙabilar Taino, sau da yawa ba da aure ba, kuma a ƙarƙashin bauta ba lallai da yardar matan ba. Bishiyar nasaba ta ɗan Kyuba da ta fito fara fat daga sama har ƙasa tana iya zama gaskiya, amma ya kamata a tambayi mai zanen ta ko ya buɗe littafi na biyu.

Za a iya cewa, mai neman fasfo kaka ɗaya yake buƙata, kuma kuɗinsa ne, ina ruwan masani da sauran? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Talakan da ya ci bashi don ya sami takardar haihuwar kakansa ba shi da halin biyan binciken layi takwas, kuma ba laifi ba ne a yi masa abin da ya nema. Amma a kira aikin da sunansa, wato nemo takarda. Laifin yana faruwa ne in aka miƙa wa mutum layi ɗaya aka ce masa ga asalinka, ko kuwa mai bincike ya ci karo da kaka a littafin baƙaƙe ya kau da kai don kada ya ɓata wa mai biya rai.

Wasu kuma kan fake da cewa layin Afirka ba ya bibiyuwa. Yana da wuya ƙwarai, amma ƙofar ba a kulle take ba. Takardar baftismar bawa kan ambaci sunan da aka raɗa masa, da ubangidansa, da "al'ummarsa": Lukumi, Karabali, Kongo, Mandinga, Ganga ko Arara. Lukumi na nufin galibi Yarbawa, ko da yake masana sun nuna cewa an cusa maƙwabtansu irin su Nufawa da wasu Hausawa a ƙarƙashin sunan. Karabali kuwa daga sunan Kalaba ya samo asali. Wani shiri na Jami'ar Vanderbilt da Jane Landers ta jagoranta tun 2003 ya ɗauki hoton irin waɗannan littattafai a Habana da Matanzas da Regla da Guanabacoa, ya sa su a intanet kyauta. Akwai kuma rajistar kotun haɗin gwiwa ta Ingila da Sifaniya da ta zauna a Habana, wadda tsakanin 1824 da 1841 ta rubuta mutum sama da 10,000 da aka ƙwato daga jiragen fataken bayi, kowa da sunansa na Afirka da na Kirista, da tsawonsa, da kimanin shekarunsa, har da tsagar fuskarsa. Masanin da bai taɓa jin labarin waɗannan ba, rabin Kyuba ya sani.

Gwajin DNA da kamfanoni ke sayarwa ma yana da iyaka. Kason da ake nuna wa mutum ƙiyasi ne da ke sauyawa daga kamfani zuwa kamfani, ba ya faɗin sunan ƙauye, kuma ofishin jakadanci bai karɓe shi a madadin takardar haihuwa ba. Amfaninsa na gaske shi ne gwada abin da takarda ta faɗa: in jikan Matanzas da jikan wani ƙauye na Lugo suka haɗa gado gwargwadon yadda lissafi ya yi hasashe, to hujja ta ƙarfafa.

Yadda Za A Auna Masani

Sifaniya ta san illar mai nasabar da kuɗi ke juyawa. Bayan korar Yahudawa a 1492, hukumomi da ƙungiyoyi da yawa sun riƙa neman shaidar "tsarkin jini", wato hujjar cewa mutum ba shi da kaka Bayahude ko Musulmi. A ƙarni na 16 da na 17 sai aka sami wasu mutane a Sebiya da ake kira "linajudos", waɗanda suka haddace asirin gidaje, suna karɓar toshiya don su yi shiru ko su ba da shaidar zur. Saboda haka wasu tsofaffin takardun da ke ma'adana su kansu an gina su a kan ƙarya, kuma tsufan takarda bai wanke ta ba.

Hukumar tantance masu binciken nasaba ta Amurka, wadda aka kafa a 1964, ta shimfiɗa ƙa'idar da duk ɗalibin kimiyya zai gane: a yi bincike mai zurfi gwargwadon iko, a faɗi inda aka samo kowane bayani, a gwama shaidu da juna, a warware saɓanin da ke tsakaninsu, sannan a rubuta hukunci tare da dalili. Idan takardar aure ta ce an haifi mutum a 1884 ta mutuwa kuma ta ce 1890, ba a zaɓar wadda ta fi daɗi; ana duba wa ya ba da bayanin, da kuma yaushe. Idan an sami José Fernández biyu a ƙauye ɗaya, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, sai an kawo abin da ya raba su. Masanin kirki yana karɓar kuɗi ne a kan sa'o'in da ya yi aiki, ba ya alkawarin sakamako, kuma rahotonsa na ɗauke da sunan coci da lambar littafi da shafi, yadda wani zai iya komawa ya duba. Yana kuma rubuta wuraren da ya bincika bai sami komai ba, kamar yadda mai gwaji ke rubuta gwajin da bai ba da abin da ake zato ba. Wanda ya ce zai kai mutum ga wani basarake cikin mako biyu, ko ya ce ya san wanda zai "gyara" kwanan wata, a guje shi. Jabun takarda na iya jawo wa mai ita asarar kuɗi da fasfo har da tuhuma a kotu.

Kafin a kai ga biyan kowa, akwai aikin da babu masanin da zai yi wa iyali, wato zama da tsofaffi a rubuta abin da suka sani, a kuma tattara wasiƙu da hotuna da katin ƙungiya. Malamin lissafi ko na tarihi na iya gwada wannan a aji. Kowane ɗalibi ya zana gurabe daga 1 zuwa 15 bisa lambar Sosa, ya cike abin da ya samu, a gefen kowane suna kuma ya nuna ko daga takarda ya samo shi, ko daga bakin wanda ya ga mutumin, ko kuwa jita-jita ce. Guraben 9 da 11 da 13 da 15, wato iyaye mata na kakanni, su ne za su fi ba da wahala, musamman a gidajen da alkunya ta sa laƙabi ya danne sunan yanka. Gurbin da ba a cike ba a bar shi fari, a rubuta a ƙarƙashinsa wanda aka tambaya da ranar da aka tambaye shi.